Intabiyun shiga PhD a ilektironiks da sadarwa: me zan karanta a sati uku?

Wa alaikumus salam ƙanena Injiniya. Na karanta tambayarka, ka ce kana aiki a Abuja ɓangaren rediyo na turakun sabis, shekara huɗu kenan da ka gama mastas, yanzu an kira ka intabiyun shiga digirin digirgir nan da sati uku, kana so a faɗa maka littattafan da za ka haddace, sannan taken da ka sa a fom shi ne amfani da AI, wato ƙirƙirarriyar basira, wajen inganta 6G, tsarin sadarwar waya da zai biyo bayan 5G, a Najeriya. To Allah ya sa a dace. Ni ina koyarwa ne a nan Jos kuma ina zama a irin wannan kwamitin, don haka zan gaya maka abin da muke dubawa idan ɗalibi ya zauna a gabanmu.

Ka fara cire maganar hadda daga ranka. Mutanen da za su zauna gabanka sun riga sun ga sakamakonka a takarda, da bai kai ba da ba a kira ka ba, yawancin jami'o'inmu suna neman makin mastas 3.5 cikin 5 wasu ma sama da haka. Abin da takarda ba za ta gaya musu ba shi ne ko kana iya ɗaukar matsala guda ɗaya ƙarama ka riƙe ta shekara uku zuwa biyar da kayan aikin da hannunka zai kai gare su, ka fito da wani abu da babu wanda ya fito da shi. Duk tambayar da za ka ji a ɗakin nan, ko ta lissafi ce ko ta kuɗin makaranta, wannan take ƙoƙarin ganowa.

Shi ya sa abu na farko da za ka ɗauko yau ɗin nan kundin mastas ɗinka ne. Wallahi abin yana min ciwo in ga mutum mai ƙoƙari ya kwana yana bitar littafi mai shafi dubu, ya zo an ce masa me ka yi a mastas, ya tsaya yana neman taken aikin nasa a ka. Shekara huɗu ba kaɗan ba ce, ka manta da yawa, kuma wannan ita ce tambayar da kusan babu makawa sai an yi ta. Ka karanta shi daga bango zuwa bango kamar aikin wani ne aka ba ka ka duba. Kowane giraf ka tambayi kanka me ke gefen tsaye me ke gefen kwance, me ya sa layin ya lanƙwasa a nan, da me na gwada sakamakona, sau nawa na maimaita simuleshin ɗin, me na ɗauka a matsayin gaskiya ban gwada ba. Ka iya faɗin aikin gaba ɗaya a minti biyu: matsalar, abin da ka yi, abin da ka samu da lambobinsa, da inda aikin ya gaza. Wannan na ƙarshen ka faɗe shi da bakinka kafin su tono shi, don wanda ya san raunin aikinsa shi ne wanda ya yi aikin da hannunsa, kuma malamai suna gane bambancin cikin tambaya biyu.

Yanzu taken naka. Gaskiya ƙanena wannan take ya yi faɗi, kuma irinsa kwamiti yana gani da yawa a kowace shekara. AI wane iri, a wane mataki na netiwok, inganta me, gudun data ko cin wuta ko yankewar kira, ina za ka samu datar da za ka horar da shi, sannan 6G ɗin da har yanzu ake kan rubuta ƙa'idojinta a ina za ka gwada? Mu nan sai Disamba 2021 hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon zangon 3.5GHz na 5G inda MTN da Mafab suka samu a kan dala miliyan 273.6 kowanne, MTN ta kunna 5G a 2022, Airtel ta biyo a 2023. Ba wai haramun ba ne ka yi aiki a kan abin da ke gaba, ana yi, amma sai ka tsuke shi har ya zama tambaya guda da za a iya amsawa da e ko a'a ko da lamba. Kuma kai fa kana da abin da yawancin masu nema ba su da shi, kana hawa sait, wato wurin da turakun sabis suke, ka san inda kira ke yankewa da damina, ka san abin da hazon hunturu da zafi da rashin wuta ke yi wa kaya. Daga nan tambaya mai kyau take fitowa.

Bari in ba ka misali da abin da na fi sani. A nan Jos aka fara gwajin sauya talabijin zuwa dijital a Afrilun 2016, Abuja ta biyo a Disamba na shekarar, da tsarin DVB-T2 a zangon UHF. Garin yana kan tudu wajen mita 1,200 daga teku, ga duwatsu ko'ina, wanda ke bayan Shere da wanda ke Rayfield ko Bukuru ba abu ɗaya eriyarsu take gani ba. Lissafin da injiniyoyi suka saba amfani da shi don hasashen ƙarfin sigina, wato Okumura-Hata, daga awon da Okumura ya yi a yankin Tokyo ya fito a 1968, Hata ya mayar da shi lissafi a 1980, yana aiki ne tsakanin 150 zuwa 1500MHz, nisan kilomita 1 zuwa 20, kuma a ƙasa mai ɗan shimfiɗa. Wani gyara da aka yi masa mai suna COST-231 ya ja shi zuwa 2GHz. To ka ga akwai dalilin da zai sa ya yi kuskure a kan dutse. Amma in ka zo ka ce zan zaga da mota in auna sigina in gyara lambobin Hata, wani farfesa zai ce maka an yi wannan a garuruwan Najeriya da yawa, aikin mastas ne, mene ne sabo? Kuma gaskiyarsa. Sai in za ka iya cewa waɗanda suka yi kafin ni sun gyara lissafin ne don gari ɗaya kuma ba ya aiki idan an kai shi wani gari, ni ina so in shigar da siffar ƙasa cikin modal ɗin yadda wanda aka horar da awon Jos zai yi hasashe a Abuja da kuskure ƙasa da desibel kaza, to nan ka fara magana irin ta PhD, kuma ga AI ɗinka ya samu wurin zama da aikin yi.

Haka maganar ruwan sama. Sama da 10GHz ruwa yana cin sigina sosai, shi ya sa dish ke ɗaukewa idan hadari ya sauko, kuma mahaɗan maikirowef da ke tsakanin turaku suna shan wahala iri ɗaya. Shawarwarin ITU-R, sashen rediyo na hukumar sadarwa ta duniya, wato P.837 da P.838 da P.530 na ƙasa da P.618 na tauraron ɗan'adam, suna buƙatar ƙarfin ruwan da ake wucewa kashi 0.01 cikin 100 na shekara, wajen minti 53 kenan, kuma a awon minti ɗai-ɗai. Bayanan ruwa da aka fi samu kuwa jimillar yini ce. Duk wanda ya kawo take a wannan ɓangaren tambayar da ke jiransa ita ce a ina za ka samu awon minti ɗaya, za ka girka ma'auni da kanka ne ko za ka juya na yini da lissafi, kuma damina nawa za ka jira. In ya amsa wannan da natsuwa ya ci rabin intabiyun.

Ka duba aƙalla takardun bincike goma zuwa sha biyar na shekarun nan a kan matsalar da ka zaɓa, daga rumbun takardun bincike na IEEE Xplore ko mujallun da rumbun Scopus ke lissafawa, uku daga ciki ka san su ciki da bai, wa ya rubuta, me ya yi, ina ya tsaya. Kar ka taɓa cewa babu wanda ya taɓa yin wannan, maganar tana tayar wa malamai da hankali don kusan kullum ba gaskiya ba ce.

Sai tushe, wanda shi ne ainihin abin da ka tambaya. E za su yi tambayar tushe, musamman a ɓangaren da ka ce nan za ka yi aiki, amma yadda suke yi kamar haƙar rijiya ne, za a fara da mai sauƙi a yi ta nutsawa har sai an taɓo dutse, kuma kowa sai an taɓo nasa, abin da ake kallo shi ne zurfin da aka kai da yadda ka yi a lokacin. Misali a ce faɗi ƙa'idar Nyquist. Ka ce ana ɗaukar samfur aƙalla ninki biyu na firikwansi mafi girma. Madalla, to me ya sa muryar waya da ke tsakanin 300 da 3400Hz ake ɗaukarta sau 8000 a sakan ba 6800 ba? Don filta ta gaskiya ba ta yanke kamar wuƙa, sai an bar mata fili. Ina 64kbps ya fito? 8000 sau bit 8. Layin E1 da ke haɗa kira da yawa fa? Tasha 32 sau 64, ya ba da 2.048Mbps. To in ka ɗauka ƙasa da ƙa'ida me zai faru, zana mana a allo. Ka ga daga layi ɗaya an yi tambaya biyar kuma babu wadda hadda za ta fitar da kai.

Shannon ma haka, takardarsa ta 1948, C, iyakar gudun data, daidai da B, faɗin zango, sau log2 na 1 a tara da SNR, wato ƙarfin sigina a kan na hayaniya. Kowa ya iya rubutawa. Amma a ce kana da 1MHz da SNR 30dB, nawa za ka samu? 30dB dubu ne, log2 na dubu kusan goma, wajen 10Mbps kenan. In ka ninka ƙarfin watsawa ka koma wajen 11 kawai. In ka ninka faɗin zangon, hayaniya ma ta ninku SNR ya koma 500, amma duk da haka ka kai kusan 18. Wannan ɗan lissafin da za ka yi a ka shi ne bayanin dalilin da ya sa kamfanoni ke zuba ɗaruruwan miliyoyin dala a sayen zango maimakon su ƙara wa turaku wuta, kuma ɗalibin da ya haɗa lissafin da abin da ke faruwa a kasuwa ba a mantawa da shi bayan ya fita.

Akwai lambobin da ya kamata su zauna a bakinka kamar lambar wayarka. 3dB ninki biyu ne. Hayaniyar zafi -174dBm a kowane Hz, don haka a tashar GSM mai 200kHz ƙasan hayaniya wajen -121dBm yake. A sarari in nisa ya ninku ka yi asarar 6dB, daga 900MHz zuwa 3.5GHz kuma ƙarin asarar kusan 12dB ce, tsawon igiyar siginar, wato wavelength, ya sauko daga wajen santimita 33 zuwa ƙasa da 9, wanda shi ya sa eriya da yawa ke shiga akwati ɗaya a 5G. Me ya sa amfilifaya mai ƙarancin hayaniya take zama a farko dab da eriya, wannan lissafin Friis ne, matakin farko shi ke mamaye hayaniyar duka. Me ya sa LTE, wato 4G, ta ɗauki OFDM, dabarar raba data a kan ƙananan firikwansi masu yawa, da tazarar 15kHz, me ya sa ake kwafo wutsiyar alama a manna ta a gaba, me hakan ke magancewa idan sigina ya iso ta hanyoyi da yawa, kuma mene ne farashinsa a wajen amfilifayar watsawa. Tauraro irin NigComSat-1R da aka harba a Disamba 2011 yana nisan kilomita 35,786, hawa da sauka kaɗai kusan rubu'in sakan ne, ka iya fitar da wannan da kanka. In kuma ka karkata ɓangaren ilektironiks ne to diyod da MOSFET da of-am, yankunan aikinsu, me negatif fidbak ke saya maka me yake karɓa, silikon 1.12eV, kT/q wajen 26mV. Kada ka raina furobabiliti da aljabarar matiris, nan ne injiniyoyin da suka daɗe a fili suka fi tsatsa, kuma in ka ambaci AI tabbas za a taɓa su, za a ce ya za ka gane modal ɗinka ya haddace data ne bai koya ba.

Fanni biyu ka zaɓa ka nutsa, sauran ka bi ta kansu sama-sama. In aka ce wane darasi ka fi ƙarfi a kai, wanda ka faɗa a nan za a haƙa, don haka kar ka faɗi suna don ya burge. Tsofaffin tambayoyin jarrabawar injiniyoyi ta GATE ta Indiya ɓangaren ilektironiks da sadarwa (ECE) suna da amfani wajen wasa ƙwaƙwalwa kuma ana samunsu kyauta a intanet, ka riƙa yin su da biro da takarda kana magana a bayyane.

Idan an kai inda ba ka sani ba ka ce ban san wannan ba Farfesa, amma in za a ba ni dama zan gwada daga abin da na sani, sai ka fara tunani a fili. In wani ya jefo maka ɗan haske ka karɓa ka yi amfani da shi, sau da yawa da gangan ake yi don a ga ko kana koyuwa. Abin da ke kashe mutum shi ne kame-kame, ko musu bayan an nuna masa kuskure, saboda malamin yana lissafin cewa shekara huɗu zai yi da kai yana maka gyara da jan biro.

Sai maganar kayan aiki da kuɗi, wadda ɗalibai ke ɗauka ƙarama alhali ita ke tsayar da PhD da yawa a ƙasar nan. In ka ce za ka ƙera eriya, a ina za ka auna ta, akwai na'urar awo ta VNA da ta kai firikwansinka, lasisin manhajar simuleshin eriya irin CST ko HFSS fa? In ka ce awo za ka yi da ɗan abin kama siginar rediyo na RTL-SDR don yana da araha, ka sani iyakarsa wajen 1.7GHz ce, ya isa UHF da 900MHz amma ba zai ga 3.5GHz ba. In ka ce datar kamfaninku za ka yi amfani da ita, an ba ka izini a rubuce, kuma za su yarda a wallafa? Ka nemi amsar wannan kafin ranar, ko da wasiƙa ce daga manajanka. MATLAB, Python, NS-3, GNU Radio, wanda ka rubuta a CV ka tabbata za ka iya bayanin abin da ka yi da shi. Kuɗi kuma ka faɗi gaskiya, tallafin karatu na TETFund na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, kai da ke kamfani ba ka ciki, hukumar PTDF mai ba da tallafin karatu kuma tana son ta ga alaƙar aikinka da harkar mai da gas. In da albashinka za ka yi ka ce da albashina, ga kiyasin abin da zan kashe. Kuma tunda aikinka na kiran gaggawa ne, sait ya faɗi da tsakar dare a neme ka, za su tambaye ka lokaci. Ka zo da tsari na gaske, ranaku nawa a wata za ka kasance a sashen, hutun karatu za ka ɗauka ko karatun fat-taim za ka yi. Insha Allahu zan yi ƙoƙari kaɗai ba ta wadatar a nan, a faɗi insha Allahu sannan a kawo jadawali.

Ka nemi wanda kake so ya duba aikinka tun kafin ranar. Shiga Google Scholar ka ga malaman sashen me suke wallafawa a shekaru biyar ɗin nan, ka tura wa wanda ya dace gajeren imel da shafi ɗaya ko biyu na furofozal ɗinka, in da hali ka je ofis ka gaishe shi. Sau da yawa ana ƙin ɗaukar mutum ne ba don ya gaza ba sai don babu malamin da ke wannan layin ko wanda ke wurin ɗalibai sun masa yawa. In kana da niyyar waje ma haka abin yake har ya fi, a Jamus da Ingila yardar sufabaiza ita ce ƙofar, a manyan cibiyoyin Indiya kuma ka shirya wa tambayoyin allo masu zafi a kan tushe, wasu da rubutacciyar jarrabawa kafin nan. In ta Zoom ne ka tanadi layi biyu na kamfani daban-daban da cajin da ba ya jiran NEPA, da farar takarda da biro mai kaurin rubutu don nuna zane a kyamara.

Sati ukun nan ni da zan raba maka, na farko kundin mastas da takardun bincike da sake rubuta furofozal, na biyu tushe, na uku gwaji. Gwajin nan kar ka tsallake shi, ka samu abokai biyu ko uku da suka san fannin, mafi kyau wanda ya riga ya shiga PhD, ku zauna a ofis bayan an tashi su yi maka tambayoyi da Turanci ba sassauci, su riƙa katse ka a tsakiyar magana don haka za a yi maka. In an ce ka zo da silaid kar su wuce goma, kuma ka iya yin bayanin ba tare da su ba saboda wuta tana iya ɗaukewa.

Ranar kuma ka zo da asalin takardunka da kwafi, digiri na farko, mastas, taranskirif, NYSC, rajistar hukumar injiniyoyi ta COREN in kana da ita, kundin mastas ɗin kansa, da kwafin furofozal guda huɗu ko biyar don kowa ya riƙe nasa. In daga Abuja za ka taso zuwa wani gari irin Jos ka kwana a can, hanyar Keffi da Akwanga ba a yi mata alƙawarin lokaci, kuma in lokacin sanyi ne ka taho da rigar sanyi. A ƙarshe za su ce kana da tambaya, ka tambayi abin da zai shafi aikinka, waɗanne na'urorin awo ke aiki a lab yanzu, takarda nawa ake buƙatar ka wallafa kafin difens kuma a wace irin mujalla, yaushe ake gabatar da furofozal a gaban sashe. Ka turo min sabon taken idan ka tsuke shi, da takardu ukun da ka zaɓa, in duba maka kafin ka aika wa malamin.